Shekarar Da Na Auna Kogi A Tsaye

Yanzu ba a aika kowa taryen ruwa. Tun da aka yi madatsu a can sama, kogin Haɗejiya ya koma kamar ma'aikacin gwamnati, sai an sa masa hannu yake fitowa. Wata shekara ya zo a makare, wata shekara ya zo a fusace ya cinye gonakin mutane. Inda muke tuƙa jirgi a da, ciyawar kacalla ta rufe shi ruf, tsuntsayen jan-baki sun mai da wurin gidan ubansu. Idan na ce wa jikokina sana'ata ta farko ita ce taryen ruwa, sai su dubi juna su yi murmushi, a zatonsu tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba na jin haushinsu sosai. Wanda ya tashi ya tarar da labarin ruwa yana fitowa daga rediyo, ina zai san akwai lokacin da ƙafar mutum ɗaya ce rediyon gari?

A ƙauyenmu, can gabas ta wajen Guri, idan damina ta kankama sai kowa ya kasa kunne yamma. Ruwan da aka sheƙa a ƙasar Kano yakan yi kwanaki yana tafe kafin ya iso mana. To, shi ne ake zaɓar saurayi mai ƙafa, a ba shi doguwar sanda da wuƙa, ya bi busasshen kogi ya yi ta tafiya har sai ya yi kiciɓis da kan ruwan. Na sha ganinsa, kuma har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Yana rarrafe a kan yashi, yana tura kumfa da karmami da kashin shanu a gabansa, yana wani sauti siii, kwaɗi na biye da shi da kuka, kirinjijiya na shawagi a sama. Sai ka wuce kan ruwan, ka shiga tsakiyarsa ka kafa sanda, ka yi tsaga da wuƙa daidai inda ya kai. Ka jira ya ƙaru, ka sake tsagawa, sannan ka juyo gida a guje. Da waɗannan tsage-tsagen ake sanin ranar da za a kwashe shanu daga fadama, da ko shinkafa ta yi tsayin da za ta tsira, da ranar da za a ƙare gyaran komar kamun kifi. Wanda ake kai wa sandar shi ne Kawu, wan mahaifiyata, Sarkin Ruwan garinmu, tsoho mai faɗa wanda dariyarsa ba ta wuce sau biyu a shekara. Duk wanda ya dawo ya fara ba shi labari da baki, sai ya katse shi ya ce, "Ban aike ka ka gano ba, na aike ka ka auno. Ba ni sandar." Shekara huɗu a jere ni ake aikawa, kuma ba a taɓa samun tsagata da kuskure ba. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Ana nan aka buɗe makarantar firamare a garinmu, aji ɗaya, rufin ciyawa. Aka kawo mana malami daga kudancin Zariya, Kirista, siriri, mai gajeren wando da doguwar safa. Mutumin kirki ne, yana gaida tsofaffi a durƙushe, ya koyi cin tuwon shinkafa da miyar kifi har yana neman ƙari. Da ƙyar da lallashi ya tara yara sun kai ashirin. Komai na tafiya daidai, sai ran nan ya gaya wa yara a aji cewa a garinsu akwai kogin da yake tahowa ta kan dutse, ya faɗo ƙasa a tsaye, tsayinsa ya fi goruba biyu in an ɗora ɗaya bisa ɗaya. Kafin la'asar magana ta zaga gari.

Sai ka san ƙasarmu kafin ka gane abin da ya sa wannan magana ta zama abin faɗa. Mu ba mu da dutse. Dutsen niƙa ma sayo shi ake yi daga nesa. Abin da ya fi komai tsayi a duniyarmu shi ne jigawar yashi da ke bayan gari, wadda akuya mai ciki take hawa ba ta yi haki ba. Ruwa kuwa mun san shi a kwance, tun kakannin kakanni a kwance yake zuwa, a kwance yake komawa. Kuma a wurinmu mutum ya yi ƙarya a kan komai a yi dariya a wuce, amma ban da ruwa, domin ƙaryar ruwa tana kashe shanu, tana kashe mutane.

Aka kira Malam ƙofar gidan Kawu. Wani dattijo ya so ya ba shi hanyar fita, ya ce, "Malam, ai tatsuniya ka yi wa yara, ko ba haka ba? Ka ce haka ne kowa ya watse."

Malam ya ce, "Baba, ba tatsuniya ba ce. A ƙarƙashinsa na yi wanka tun ina yaro."

Ni ne na buɗe baki daga baya na ce, "To Malam, kifin garinku da tsani suke hawa?" Wuri ya kaure da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Malam Ruwa-a-Tsaye, kuma ni na raɗa masa. Ban san abin zai yi nisa ba. Cikin mako biyu iyaye suka fara janye 'ya'yansu, suna cewa wanda zai dubi idon Sarkin Ruwa ya yi ƙaryar ruwa, me zai zuba a kan yara in ba kowa? Kawu da kansa ya cire jikokinsa uku. Aji ya koma yara huɗu. Aka ce in aka dawo hutu haka, za a rufe makarantar a mai da Malam wani wuri, ya tafi da sunan maƙaryaci.

Ana gobe za a ba da hutun ƙarshen damina, Malam ya zo ya durƙusa gaban Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni mutumin da ka yarda da idonsa, in tafi da shi." Ruwan shekarar ya riga ya iso ya zauna, ba ni da aiki sai kamun kifi. Kawu ya juyo inda nake ya ce mini, "Kai mai bakin tsani, ɗauki sandarka." Ya sa aka ɗaure bandar tarwaɗa cikin tabarma, ya ce in kai wa mahaifiyar Malam, domin ko ɗanta maƙaryaci ne, ita ba ta yi mana laifi ba.

Ba zan tsaya ba da labarin jirgin ƙasa ba, ko da yake shi ma abin a ba da ne. Daga tashar Birniwa zuwa Kano, daga Kano zuwa Kaduna, daga nan Kafanchan, ina rungume da sanda mai gaba uku, duk wanda ya shigo sai ya yi tuntuɓe da ita ya zage ni. Abin da na fi tunawa shi ne lokacin da na leƙa taga na ga wani baƙin hadari ya tokare gabas, na ce wa Malam yau za a sha ruwa. Ya ce, "Ba hadari ba ne, dutsen garinmu ne." Tun daga nan cikina ya fara gaya mini cewa wataƙila na yi wa bawan Allah rashin adalci.

Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, mai saurin magana da saurin tafiya. Ta karɓi kifin da murna, ta sa aka kamo kaza ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Ɗana, yanka da hannunka yadda addininku ya ce, ga sabuwar tukunya nan ban taɓa dafa komai a ciki ba." Ta nuna mini gabas, ta shimfiɗa mini tabarmar salla. Da Malam ya gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Wato tun daga can ka ɗauko sanda ka zo auna ruwanmu?" Ta yi dariya har da hawaye, ta ce gobe da ita za a je, dama gonar accarta tana kan hanya.

Da sassafe muka kama hanya, ni da Malam da ƙanensa da tsohuwa. Ni da nake tafiyar yini biyu a kan yashi ban zauna ba, na ce a raina wannan ai wasa ne. Na shige gaba da dogon takuna. Ba mu yi nisa da fara hawa ba na gane ƙafata ba ta san wannan ƙasa ba. Mu mutanen fadama jan ƙafa muke yi. Tun kana yaro ake koya maka kada ka ɗaga ƙafa a cikin ruwa ka dire, sai ka taka ƙayar kifin ƙurungu ko ka zurma rami, don haka sai dai ka ja ta a hankali kana lalube. Wannan ɗabi'a ta bi mu har tudu. To, a kan dutse duk jan ƙafa ɗaya tuntuɓe ɗaya ne. Kafin hantsi farcen babban yatsana ya fita, gwiwata ta kurje, ƙirjina yana bugawa kamar ana daka. Sandar da nake taƙama da ita ta zama kaya, ta sarƙe a reshe, ta maƙale tsakanin duwatsu. Da na waiwaya na ga rufin gidajen garin sun koma kamar faifai a ƙasa, sai jiri ya ɗebe ni, na zauna daɓas na rungume wani dutse. Tsoro na ji, tsoro na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban dorina.

Tsohuwa ta iso da kwandonta a ka, ko haki ba ta yi. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, tun ɗazu nake kallon ƙafarka. Shara kake yi wa dutsen?" Na ce, "Inna, haka muke tafiya a garinmu." Ta ce, "To nan ba garinku ba ne. Ɗaga ta, ka zaɓa mata wuri da ido, sannan ka ajiye. Gajeren taku. Kada ka dubi sama, kada ka dubi ƙasa, dubi diddigena kawai." Ta yage bakin zanenta ta ɗaure mini yatsa, ta karɓi sandar ta ba ƙanen Malam. Haka na bi diddigen tsohuwar nan, fasassun diddige masu kaushi, taku bayan taku, ni mai taryen ruwa guda, kamar ɗan akuya a bayan uwarsa. Malam yana bayana bai ce uffan ba. Da ni ne shi, wallahi da na rama maganar tsani.

Kunnena ne ya fara sanin mun kusa. Wani ruri ne mai zurfi da ba ya yankewa, kana jin sa har cikin haƙarƙari. Iska ta yi sanyi, ganyaye duk a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. Muka kewaya wani ƙaton dutse, sai ga shi. Kogi ne sosai, ba rafi ba, fari fat, yana zubowa daga can sama inda sai ka karya wuya kafin ka hango, yana dukan ƙasa yana tashi kamar hayaƙi, ga bakan gizo a tsaye a cikin feshin. Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba. Na tsaya ruwa yana jiƙa mini fuska, hawaye na bin ruwan. Na juya na kama hannun Malam da hannu biyu, na yi ta magana, shi kuwa ba ya jin ko kalma ɗaya saboda ƙara. Ya dai gane.

Sai da zumuɗi ya lafa na tuna da aikin da aka aiko ni. Na karɓi sandata na shiga tafkin da ke gindin ruwan, na kafa ta, na zaro wuƙa zan yi tsaga. Ƙanen Malam ya faɗi ƙasa don dariya. Sai a lokacin na ga wautata: zurfi nake aunawa, alhali gardamar garinmu a kan tsayi take. Sanda mai gaba uku me za ta yi da wannan? Malam ya jawo ni gefe inda ake jin magana ya ce, "Ai ka gani da idonka, ya isa. Mu koma ka gaya musu." Na ce, "Malam, ba ka san Kawu ba. In na koma da baki kawai, cewa za a yi ka ba ni kaza na ci, mu zama maƙaryata biyu."

Muka sauko gari. Na roƙi tsohuwa ramar da ta jeme ta ajiye, na zauna gindin mangwaro na fara tufka. Nan fa na rama kunyar da ƙafata ta ba ni. Igiya ai abincinmu ce, tun ban iya ɗaura wando ba nake murza ta a cinya. Mazan garin suka kewaye ni suna kallo, wani ya ja ta da ƙarfinsa duka ta ƙi tsinkewa, ya ce a bar masa ragowar. Kwana biyu ina tufka har na samu abin da na tabbata ya isa.

Hawa na biyu ya fi na farko nisa, domin wannan karon har can saman za mu je, inda kogin yake sakin dutse. Amma ƙafata ta fara jin magana. Ƙanen Malam ya tsaya a ƙasa da farin ƙyalle, muka shirya in dutsen da zan ɗaura a bakin igiya ya taɓa tafki, zai kaɗa. Ni da Malam muka bi wata siririyar hanya ta gefen ruwan, wani wuri da hannu da ƙafa, gansakuka tana santsi, ina ta karanta duk addu'ar da na iya. A saman, abin mamaki, kogin a kwance yake, lafiyayye kamar namu, yana tafe a hankali cikin ciyawa bai san abin da ke gabansa ba. Tsayuwa a bakin wurin ta gagare ni. Na kwanta rub da ciki na ja jiki, Malam ya zauna ya tokare ƙafafunsa da dutse ya riƙe idon sawuna. Na ce, "Malam, in ka sake ni, ka ce wa Kawu gaskiyarka ce." Ya ce, "Ai shi ya sa ba zan sake ka ba, wa zai yarda da ni?"

Nan ma sai da halin gida ya kusa kashe ni. Mu a tsakiyar ruwa muke awo, awon gefe awon malalaci ne. Don haka na lilo dutsen na jefa shi cikin ruwan sosai. Kafin in ƙifta ido ruwa ya fizge shi, igiya ta zube ta cikin tafina tana ƙuna, ta ja ni gaba har ƙirjina ya leƙa sarari. Malam ya yi ihu ya finciko ni baya. Allah ya sa dutsen ya suɓuce daga ɗaurin, igiya ta saki. Na kwanta ina kallon tafin hannuna, fata ta saluɓe, jini na tsattsafowa. Malam ya ce mu haƙura. Na ce ina, ban zo tun daga ƙasar Haɗejiya don in koma da saluɓaɓɓen hannu kawai ba. Na naɗe hannu da hulata, na ɗaura wani dutsen, na matsa gefe inda ruwan ba ya dukan igiya, na riƙa saki a hankali. Na saki, na saki, har na fara tsoron igiyar ba za ta kai ba. Can sai na hango farin ƙyalle yana kaɗawa a ƙasa, ɗan mitsitsi. Na ƙulla ƙulli daidai bakin dutsen da nake kwance a kai, na jawo igiyar sama, na yanke ragowar da wuƙata. Na mirgina na kwanta rigingine na yi wata irin kururuwa da mu masunta muke yi in koma ta cika, Malam ya taya ni da irin ta garinsu. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

Ranar da muka dawo gida, bayan la'asar, gari duka ya taru a ƙofar gidan Kawu. Ban ce komai ba, na san doka. Na ajiye masa naɗin igiyar a gabansa. Ya duba tufkar ya ga hannuna ce, ya duba ƙullin, ya kama tafina ya juya ya ga tabon. Ya ce a miƙe ta. Aka kafa bakinta a dokin ƙofarsa, yara suka ja, ta wuce rumfar mahauta, ta wuce turken dokin mai unguwa, sai da ta kai gindin rijiya. Kawu ya tashi da kansa, ya bi ta yana aunawa da hannuwansa a buɗe, mutane na ƙirgawa a bayansa. Gaba goma sha bakwai da kamu ɗaya. Da ya kai ƙullin sai ya tsaya, ya waiwayi ƙofar gidansa, sannan ya ɗaga kai sama a hankali, yana ta ɗagawa, yana neman inda igiyar za ta kai in an tsayar da ita.

Ya ce, "A tsaye?"

Na ce, "A tsaye, Kawu."

Ya ce, "A tsakiya ka auna?"

Na ce, "Na gwada, ya kusa tafiya da ni. A gefe na auna."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To ya yi ruwa." Ya naɗe igiyar da hannunsa ya shige gida, bai ko dubi inda Malam yake ba. Na ce a raina shi ke nan, wahalar banza muka sha.

Makarantar tana kan wani tudu ne, a wannan lokaci na shekara sai da jirgi ake zuwa. Ranar da aka koma hutu na tafi da wuri don in taya Malam zama, kada ya zauna shi kaɗai da yara huɗu. Muna tsaye a bakin ruwa sai muka hango jirgi ya fito daga cikin ciyawar burugu, na biyu na biye, na uku na biye. A na gaba Kawu ne da kansa yake tuƙi, mutumin da ya fi shekara goma bai riƙe sandar tuƙi ba, jikokinsa uku a zaune a gabansa, ga wasu yaran da ba a taɓa rubuta sunansu ba ma. Ya kawo jirgi gaɓa, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Malam ya durƙusa zai gaishe shi, Kawu ya kama kafaɗarsa ya tashe shi tsaye.

Ya ce, "Malam, shekara saba'in ina cewa na san ruwa. Ga su nan. Ka gaya musu sauran."